Gangar da Aka Sa a Layi na Goma

Ƙanena ya turo mini hotuna uku ta WhatsApp da ƙarfe ɗayan dare, alhali bango ɗaya ne tsakanin ɗakinsa da nawa. Na farko wani ɗan akwati ne mai maɓallai 16 a jere, injin kiɗa sabo fil. Na biyu tsohuwar fiyano ce ƙirar Yamaha da wani ke son rabuwa da ita. Na uku allon kwamfuta ne, manhajar FL Studio a buɗe. A ƙasa ya rubuta: "Yaya, wanne zan saya? Kuɗin na abu ɗaya ne."

Na san tarihin kuɗin nan. Shekara biyu ya yi yana gyaran waya a shagon wani yana tara su. Waƙa yake son yi a ɗakinsa, ba sai ya je situdiyo ana ƙirga masa awa ba. A gidanmu kuwa duk abin da ke cin wuta ko batir ni ake kawo wa, ko da tocila ce, tunda ni na karanta kimiyyar kwamfuta. Ban iya kiɗa ba. Abin da na iya shi ne karanta takardun bayanin na'ura, irin waɗanda ake jefarwa tare da kwali. Na ce ya ba ni mako guda. Sai da muka ci wata uku.

Abin da ya ja lokacin wata magana ce ta Kawu. Ƙanen mahaifiyarmu ne, ya haura saba'in, kuma da waƙoƙin Narambaɗa ya girma. Ƙanena ya haɗa wani ɗan kiɗa a wayarsa, ya sa masa abin saurare a kunne don ya burge shi. Kawu ya saurara har ƙarshe, ya cire, ya ce: "To na jiya. Amma wagga ganga taku, mi taka hwaɗi?"

"Ba ta faɗin komai, Kawu. Kiɗa ne kawai."

"Ashe bebiya ta."

Muka yi dariya, amma maganar ta kwana da ni. Ya aka yi gangar Bahaushe, wadda aka sani da kiran sunan mutum da na ubansa, ta koma bebiya a hannun jikoki?

Gidanmu yana unguwar Hubbare, 'yan taku kaɗan daga inda Shehu Usmanu Ɗanfodiyo yake kwance tun 1817. Wanda ya tashi a nan ya san cewa maganar kiɗa ba ta da sauƙi. Ba a taɓa buga ganga a tsakar gidanmu ba, ko ranar biki, kuma ban taɓa jin an kafa doka a kai ba. Kunya ce ta wurin, da ta baƙin da ke zuwa ziyara daga nesa. Wannan kunya tana da asali a rubuce. A littafin Kitabul Farƙi, cikin halayen da aka zargi sarakunan Hausa na kafin jihadi da su, akwai shagala da kaɗe-kaɗe dare da rana ba tare da wata manufa ta shari'a ba. Amma littafin ya bar ƙofa: ana iya buga tambari don tara runduna ko sanar da jama'a wani abu. Wato tun farko an bambanta gangar da ke isar da saƙo da gangar da ke sa rawa. Malam Abdullahi na Gwandu ya fi tsanantawa a kan wannan batu, shi kuwa Shehu a rubuce-rubucensa na baya ya nuna cewa malamai sun yi saɓani a kansa. Wani Bajamushe mai suna Veit Erlmann ya tattara waɗannan bayanai a littafi guda a 1986.

Duk da haka ƙasar Sakkwato ce ta haifi manyan makaɗan fada da Hausa take taƙama da su. Salihu Jankiɗi ya riƙe sarautar Sarkin Taushin Sarkin Musulmi a zamanin Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, wanda ya yi mulki daga 1938 zuwa 1988. Ibrahim Narambaɗa yana Isa da kotsonsa. Musa Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991, da Sa'idu Faru, su ma kotso ne. Aliyu Ɗandawo taushi. A fagen dambe ga Ɗan'anace da kalangu. Wanda yake son cikakken bayaninsu ya nemi rubuce-rubucen Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau. Ni abin da ya dame ni shi ne yadda kayan kiɗan nasu suke aiki, domin a nan amsar Kawu take.

Hausa harshe ne mai karin sauti. "Kuka" na hawaye da "kuka" ta miya haruffansu ɗaya, hawa da saukar murya ne ke raba su. Haka "wuya" na jiki da "wuya" ta wahala. Saboda haka duk abin da zai iya hawa da sauka kamar murya, ya kuma bambanta dogon wasali da gajere, zai iya kwaikwayon magana har mai sauraro ya gane. Kalangu an gina shi ne don wannan. Icen siriri ne a tsakiya, fata a baki biyu, tsarkiya ta haɗa su. Makaɗi yana rataye shi a hammata, in ya matse tsarkiyar fatar ta ɗaure sauti ya hau, in ya saki ya sauka. Abin lura shi ne yana iya matsewa bayan ya riga ya buga, sai sautin ya lanƙwasa yana cikin tafiya. Kotso ma haka yake, sai dai baki ɗaya ne da fata, da hannu ake bugunsa, kuma ana shafa masa nake a tsakiyar fatar don muryarsa ta zauna. Da wannan ake yin take. Basarake yana da takensa, ɗan dambe yana da nasa, mahauta suna da nasu, kuma mai take yana jin sa daga nesa ya san da shi ake.

Akwai kuma wani abu da ya shafi wanda ke riƙe da gangar. Kiɗa sana'ar gado ce, kuma al'umma ta ajiye masu yin ta a ƙasa ko da sun fi kowa shiga fada. Ɗanƙwairo a gidansu ya tarar da kiɗa. Mamman Shata bai gada ba, kuma sananne ne cewa mahaifinsa bai so ba. Ɗan malami ko ɗan sarauta ya rataya kalangu abin magana ne a dangi, har ya kan taɓa maganar aure. Ku riƙe wannan, zai dawo.

Injin kiɗa kuwa an ƙirƙire shi ne a wata duniya, don wata matsala dabam. A 1959 kamfanin Wurlitzer na Amurka ya fitar da Sideman, wani akwati mai faifai da ke juyawa a ciki yana taɓa wayoyi, don ya raka mai kaɗa ogan a otal ko gidan rawa ba sai an ɗauki mai ganga ba. Aikinsa riƙe lokaci ne kawai, kamar agogo. A Japan wani mai gyaran agogo da rediyo, Ikutaro Kakehashi, ya shiga wannan sana'a, ya kafa kamfanin Roland a Osaka a 1972. A 1980 ya fitar da TR-808, mai maɓallai 16 a jere, kakan wancan akwati da ƙanena ya turo mini hotonsa. Mai kiɗa yana danna gurbin da yake son bugu ya faɗa, kamar mai jera 'ya'yan dara, injin ya yi ta zagayawa. A shekarar ce kuma Roger Linn ya fitar da LM-1, wanda ya ɗauki sautin gangunan gaske ya adana, kuɗinsa wajen dala 5,000. Kusa da shi TR-808 ya zama kamar abin wasan yara, bai yi kasuwa ba, aka daina ƙera shi a 1983 bayan an yi kimanin 12,000. Da ya yi arha a kasuwar kwance sai samarin baƙaƙen fata na Amurka suka saye shi, suka gina hip-hop a kansa. Makaɗan can ma sun tsorata da waɗannan injuna: a 1982 reshen Landan na ƙungiyar mawaƙan Ingila ya nemi a hana amfani da su.

Kafin Kano ta san fiyano, maƙwabtanmu sun riga mu. A Yamai, Mamman Sani ya sami ogan ɗin lantarki ƙirar Italiya, ya riƙa kaɗa karin waƙoƙin gargajiyar Nijar a kanta. A 1978 ya ɗauki kaset a gidan rediyon ƙasar, kuma shekaru da dama ana sa kiɗansa tsakanin shirye-shirye. Sai a 2013 kamfanin Sahel Sounds ya sake fitar da shi duniya ta ji. Idan ka saurare shi za ka ji mutum ɗaya ne da na'ura ɗaya, ba 'yan amshi, ba mai kalangu, bugun injin yana tafiya a ƙasa shiru-shiru. Abin da ƙanena ke son yi ke nan a ɗakinsa, an riga shi da fiye da shekara arba'in.

A wajenmu fim ne ya shigo da na'urar. Bayan Turmin Danya na 1990, masu shirya fim a Kano suka ga cewa waƙa ce ke sayar da kaset, kamar yadda suka gani a finafinan Indiya. Ɗauko makaɗan gargajiya yana da tsada, ga yawa, ga shi kiɗansu na yabon mutum ne, bai dace da saurayi da budurwa suna zagaya bishiya ba. Sai aka koma ga ƙananan Casio, daga baya jerin PSR na Yamaha, waɗanda situdiyo irin na Iyan-Tama suka yi suna da su. Farfesa Abdalla Uba Adamu ya bi diddigin wannan tarihi dalla-dalla. Fiyanon nan tana ɗauke da injin kiɗa a cikinta: ka zaɓi salo, ka danna, ganguna su tashi da kansu, hannun dama ya bi da karin waƙa. Fim ɗin Sangaya na 1999 shi ya nuna wa kowa cewa wannan kiɗa zai iya cika kasuwa. A shekarar ce kuma Shata ya rasu, a watan Yuni. Ba na cewa ɗaya ne ya jawo ɗaya. Amma duk lokacin da na tuna shekarar sai in ga kamar mutum biyu sun yi kiciɓis a bakin ƙofa, ɗaya na fita ɗaya na shiga.

Nan maganar gado ta dawo. Fiyano ba ta da fata, ba a rataya ta a hammata, ba ta da dangantaka da mahauta ko maroƙa. Kama take da kayan ofis. Wanda ke zaune gabanta ba a ce masa makaɗi da irin muryar da ake faɗa wa mai kalangu, ana ce masa mai situdiyo. Saboda haka yaran da iyayensu ba za su taɓa yarda su taɓa ganga ba suka sami hanyar shiga waƙa, har da masu waƙoƙin bege da na siyasa. Ni a ganina wannan ya fi arha muhimmanci wajen bayyana saurin da fiyano ta yi ta mamaye Arewa. Ƙanena shaida ne. Da kalangu ya shigo da shi gida, da Baba ya tara dangi. Da ya ga kwamfuta da abin saurare a kunnensa, cewa ya yi Allah ya yi albarka, yaro yana karatu.

To amma me ke cikin akwatin? A nan ne sana'ata ta yi amfani. A 1983 kamfanonin kayan kiɗa suka amince da wani harshe da na'urori za su riƙa magana da juna, sunansa MIDI. Kakehashi na cikin waɗanda suka jagoranci abin, tare da Dave Smith na Amurka. MIDI ba ya ɗaukar sauti, umarni yake aikawa: buga lamba kaza, da ƙarfi kaza, daga 0 zuwa 127, a layi kaza cikin layuka 16. A 1991 aka ƙara wata yarjejeniya, General MIDI, wadda ta tsayar da jerin kayan kiɗa 128 da kowace na'ura za ta ɗauka, ta kuma ware layi na 10 don ganguna. A layin nan an jera sauti 47, daga lamba 35 zuwa 81.

Na zauna na karanta jerin nan ɗaya bayan ɗaya. Akwai gangunan bandin Turawa da farantansu. Akwai konga da bongo da timbale na Kuba, akwai kuyika ta Barazil, akwai tafi, har da usur. A cikin 128 ɗin akwai sitar da shanai na Indiya, da taiko na Japan, da kalimba. Babu kalangu, babu kotso, babu gangan ta Yarbawa, babu wata ganga mai magana. Abin da ya ba ni dariya shi ne lamba 67 da 68, agogo. Ƙararrawar Yarbawa ce da bayi suka tafi da ita Barazil, ta zauna can, aka sa ta a jerin da Amurka da Japan suka rubuta, ta dawo mana cikin kwali. Kalmar ce kuma Hausa ta ara tun da daɗewa take kiran abin duba lokaci da ita.

Rashin sunan kalangu a jeri ƙaramar matsala ce, ana iya ƙarawa. Babbar matsalar tana cikin tsarin. A layi na 10 kowace lamba ganga ce dabam: 36 babbar ganga, 38 ƙarama, haka dai. Waɗanda suka tsara shi sun ɗauka cewa ganga abu ne da ake bugawa ya yi ƙara ɗaya ya mutu. A sauran layukan lamba tana nufin hawan murya, a na 10 tana nufin sunan kaya. MIDI yana da umarnin lanƙwasa sauti, mai matakai 16,384, amma umarnin na layi ne gaba ɗaya. In na'urar ta karɓe shi a layin ganguna, to duk abin da ke layin zai lanƙwasa tare, wasu na'urorin kuwa ba sa ma kula shi a can. Kalangu a wannan lissafi ba shi da gida. Ta fuskar aiki ɗan'uwan sarewa ne da goge, amma duk wanda ya gan shi zai kai shi layin ganguna, inda za a cire masa harshe.

Mu masu rubuta manhaja mun san ƙarfin saitin da mutum ya tarar. Yawancin mutane ba sa canza shi. Ka buɗe FL Studio, wadda Didier Dambrin ya fara rubutawa a Beljiyam a ƙarshen shekarun 1990 da sunan FruityLoops, za ta tarbe ka da gurabe 16, huɗu sau huɗu. Kiɗan gargajiyarmu da yawa uku-uku yake tafiya, gurabe 12 ne suka fi dacewa da shi, sau da yawa ma biyu da uku suna tafiya tare a lokaci guda, wannan makaɗi yana nan wancan yana can. Ana iya saita manhajar ta koma 12, ko TR-808 yana da maɓallin yin haka. Sai dai yaron da ya koyi abin daga bidiyon YouTube na wani ɗan Atlanta ba zai san akwai buƙatar hakan ba. Zai rera waƙar da ya ji a bakin kakarsa, ya ji ba ta zauna a kan kiɗan ba, sai ya gyara waƙar. Na ga ƙanena yana yin haka da idona.

Akwai kuma maganar wa ke bin wa. A wajen Narambaɗa ko Ɗanƙwairo, uban waƙa ne ke jan ragama. In ya ja baiti ya yi tsawo, makaɗa su jira shi. In ya hango wani babba ya shigo, ya juya, kotso ya juya da shi, 'yan amshi su karɓa. Injin ba ya jira. Mawaƙi ne zai bi shi, kuma wannan ya sa baitocin waƙar zamani suka zama daidai wa daida kamar an yanka da reza. Wasu na ganin hakan ci gaba ne, kuma ban musa gaba ɗaya ba. Mawaƙa irin su Aminu Ala sun nuna cewa ana iya ɗora Hausa mai nauyi a kan kiɗan fiyano, kuma wanda ya tashi da rubutacciyar waƙa mai ma'auni zai ji daɗin wannan daidaito. Masu situdiyon Kano ma ba su zauna haka nan ba. Sun yi ta laluben sautukan da ke cikin na'ura suna neman wanda ya yi kama da sarewa ko shantu ko kalangu, kuma sun ƙware a wannan dabara ƙwarai. Kamar dai an ba tela yadin da bai zaɓa ba ya fitar da riga mai kyau. Yarbawa sun bi wata hanya: King Sunny Ade ya shigo da gita da na'urorin zamani amma ya bar masu gangan a tsaye a gaba, har yau kuma ana jin ta a waƙoƙin Legas.

Wani abin mamaki shi ne duniya da kanta ta dawo neman ganga mai murya. Babbar gangar 808 da ake ja tana hawa tana sauka ita ce ƙashin bayan waƙoƙin trap. Amapiano na Afirka ta Kudu an gina shi a kan wani bugu mai kauri da ke bin karin waƙa. A 2018 ma an amince da wani ƙari a kan MIDI, mai suna MPE, wanda ke ba kowane bugu damar lanƙwasawa shi kaɗai. Abin da hammatar makaɗi ke yi tun kafin jihadi, sai da aka yi shekara 35 kafin yarjejeniyar ta ba shi wuri.

Da na gama wannan karatu na ce wa ƙanena mu gwada wani abu kafin ya kashe ko sisi. Muka nemi wani dattijo mai kalangu da ke yi wa mahauta kiɗa, muka same shi da yamma, muka gaishe shi, na yi masa bayanin abin da muke so: ya buga mana sau ɗaya-ɗaya, ƙasa, tsakiya, sama, mu ɗauka a waya. Ya yi mana, yana murmushi kamar mai biye wa yara. Muka dawo gida muka yanka sautukan, muka jera a gurabe. Sautin kalangu ne sak, ba mai musu. Kuma bai ce komai ba. Kamar ka yanka maganar mutum gaɓa-gaɓa ka jera a faranti. Ashe maganar tana cikin abin da ke faruwa tsakanin bugu da bugu, wurin da hannu ke matsewa yana saki, kuma wannan wurin ne muka zubar da muka yanka.

Muka koma. Wannan karon na ce: "Baba, so muke ka yi mana take cikakke, kamar yadda kake yi a fage."

Ya ajiye makaɗin a cinya ya dube ni. "Ɗana, in tambaye ka. In kun ɗauki hannuna kun sa cikin akwatinku, ranar buki wa za a kira, ni ko akwatin?"

Ban da amsa, domin na san amsar. Bukukuwa nawa na je a garin nan inda mai lasifika da kwamfuta ya tsaya a wurin da a da makaɗa biyar ke tsayawa? Sautin da muka ɗauka ranar farko, wanda muka biya da ɗan abin goro, ana iya buga shi sau dubu, a tura wa wani a Kano, wani ya sa a intanet, ba wanda zai san hannun wane ne. A sana'ata muna da lasisi iri-iri da ke faɗin wanda ya rubuta abu da sharaɗin amfani da shi. Ga dattijon nan babu ko ɗaya. Na ce masa gaskiya ban sani ba, amma ba za mu ba kowa sautin ba, kuma duk waƙar da aka sa shi za a faɗi sunansa a biya shi. Ya ce sunan ya fi masa kuɗin, amma kuɗin ma kada a manta.

Daga nan shawarar saye ta zo da sauƙi. Akwatin mai maɓallai 16 yana da kyau, yana aiki da batir, abin da ba a raina shi a garin da wuta ke zuwa ta tafi ba sallama. Sai dai sautukansa a kulle suke, ba ya karɓar na waje, ba shi da abin lanƙwasa murya. Wannan na mai son yin kiɗan wasu ne. Tsohuwar fiyanon ta fi shi sanin kunnen Bahaushe, kusan duk waƙar da muka tashi da ita daga irinta ta fito, amma wadda aka yi mana tayi maɓallanta uku sun mutu, kuma fitar da sauti daga cikinta zuwa kwamfuta wani aiki ne. Tambayoyin da na ce ya yi wa kowace na'ura su ne: tana karɓar sautin da ka ɗauko da kanka? Tana barin ka raba zagaye gida 12? Za ka iya kashe mata gyaran lokaci, ta bar bugu inda hannunka ya ajiye shi ko da ya ɗan kauce? Tana da abin lanƙwasa sauti? Sai ta ƙarshe, wadda takardun bayani ba sa amsawa: za ta jure zafin Sakkwato a watan Afrilu da ƙurar hunturu?

A ƙarshe bai sayi ko ɗaya daga cikin ukun yadda ya turo su ba. Na ba shi tsohuwar kwamfutata. Ya sayi ɗan ƙaramin allon fiyano na hannu, wanda ba shi da sautin kansa sai dai ya aika umarni, amma yana da 'yar ƙafar lanƙwasa murya a gefen hagu. Ya sayi makirufo mai kyau, wanda ya ci fiye da rabin kuɗin, na kuma goyi bayan haka. Ragowar ya ware don dattijon. Kalangun da muka ɗauka muka cire shi daga layi na 10 muka kai shi layi na 2, inda ake ajiye masu murya, ƙanena ya fara koya wa babban yatsansa abin da hammata ke yi. Inda ake son take na gaske kuwa, ba a yanka ba a jera, dattijon ne ke bugawa daga farko har ƙarshe, injin ya bi shi. Wannan ya fi wahala, domin sai an bi an saita lokacin manhajar gaɓa-gaɓa ta dace da hannunsa. Dare biyu na yi ina wannan aiki a kan waƙa ɗaya.

Ɗaukar ba a gidanmu ake yi ba. Ko da Baba zai yarda, mu ba za mu iya ba. Can wajen dattijon muke zuwa, a wani ɗaki da muka liƙa wa katifu biyu a bango, kuma duk da haka akwai waƙar da in ka kasa kunne za ka ji kukan akuya a bayan amshi na biyu. Haɗawa da gyara ne ake yi a Hubbare, cikin dare, abin saurare a kunne, ba mai jin komai ko a tsakar gida.

Makon jiya ƙanena ya sake kai wa Kawu. Ya sa masa wadda dattijon ya buga da kansa. Tun kafin a kai rabi Kawu ya ɗaga yatsa ya faɗi abin da kalangun ke cewa, kalma bayan kalma, taken mahauta ne. Sannan ya sa masa wadda shi ya yi da yatsansa a kan 'yar ƙafar nan. Kawu ya saurara, ya ce a maimaita. Aka maimaita.

"Wagga ta hwara gwaranci," in ji shi. "Wata nawa gare ta?"

"Uku, Kawu."

Ya miƙa masa abin sauraren, ya jawo rediyonsa.